Jini ya ƙi ɗaukewa bayan allurar tazara ta wata uku: mene ne abin yi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Shekarata 29, ina zaune a Gwammaja, 'ya'yana uku, ƙaramin watansa takwas kuma yana shan nono. Sati bakwai da suka wuce na yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku, karo na farko ke nan. Bayan kamar sati uku da rabi jini ya zo, na ɗauka al'ada ce, to yau kwana 24 ke nan bai ɗauke ba. Wata rana ɗigo-ɗigo ne, wata rana ya ɗan yi yawa. Na koma inda aka yi mini aka ce in yi haƙuri zai tsaya. Mai kemis ya ba ni kafso na sha, babu canji. Surukata ta ce allurar ta lalata mini mahaifa. Don Allah akwai allurar da take karya wannan? Idan lokacin ta biyu ya yi, in koma ko in bari? Kuma yaya zan yi da sallah, ga maigida ya fara ƙosawa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yaran. Idan na fahimce ki, abubuwa huɗu kike son sani: ko jinin nan alama ce ta wata ɓarna a mahaifarki, ko akwai abin da zai tsayar da shi, ko ya kamata ki karɓi allura ta biyu, sannan matsayin ibadarki da zamanki da maigida. Na daɗe ina aiki a sashen tazarar haihuwa a nan cikin birnin Kano, kuma babu ƙorafin da ya fi wannan yawan dawo da mata gabana bayan allura, babu kuma dalilin da ya fi shi sa mace ta watsar da tazarar gaba ɗaya.

Wanda ya ce miki zai tsaya bai yi ƙarya ba, domin ga mafi yawan mata haka abin yake ƙarewa. Amma ban yarda a sallami mace mai kwana 24 tana jini da kalmar haƙuri kaɗai ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki jinin da ya wuce kwana 8, ko wanda ya ninka na al'adar mace sau biyu, a matsayin jini mai tsawo ko mai yawa, kuma ta tanadi abin da ma'aikacin lafiya zai yi a kai. Kin wuce wannan iyaka har sau uku, don haka kina da haƙƙin a duba ki, a ba ki magani, a kuma yi miki bayani.

Abin da allurar take yi a cikin mahaifa

Allurar wata uku da aka fi yi a asibitocinmu ita ce Depo-Provera, miligiram 150 a tsoka duk bayan sati 13. Akwai 'yar'uwarta Sayana Press, miligiram 104 da ake yi a ƙarƙashin fata, wadda har ana koya wa mace ta yi wa kanta a gida. Akwai kuma Noristerat ta wata biyu, miligiram 200 duk bayan sati 8. Dukkansu sinadari mai dangi ɗaya ne jigonsu, wato furojestin, wanda ya yi kama da sinadarin da jikin mace ke fitarwa bayan ta saki ƙwai. Yana hana sakin ƙwan, yana sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri har maniyyi ya kasa ratsawa, sannan yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri. Wannan na ukun shi ne tushen damuwarki.

A watan da mace ba ta shan komai, sinadarin isturojin ne yake fara gina shimfiɗar nan ta yi kauri, sai ɗaya sinadarin ya zo ya daidaita ta. Idan ciki bai shiga ba, su biyun sai su sauka a lokaci guda, shimfiɗar ta zube gaba ɗaya, jijiyoyin jini su tsuke, cikin kwana biyar ko bakwai a gama. Allura ta sauya wannan tsari. Furojestin yana nan a jiki dare da rana ba ya sauka, shimfiɗar ba ta samun ginuwa sosai, ƙananan jijiyoyin da ke samanta kuma sai su yi rauni suna fashewa nan da can. Nakan kwatanta wa mata da yaɓen bango da aka yi shi sama-sama: ba ya faɗuwa lokaci ɗaya, sai dai yau nan ya ɓare, gobe can ya ɓare. Shi ya sa kike ganin ɗigo yau, gobe ya ƙaru, jibi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Wannan ba lalacewar mahaifa ba ce, kuma ina so ki faɗa wa surukarki haka cikin ladabi, domin tsoronta na ƙauna ne. Shimfiɗar tana komawa yadda take idan ƙarfin allurar ya fita daga jiki. Watanni uku zuwa shida na farko su ne suka fi rikici. Daga nan jinin yakan riƙa raguwa, har ya zama kusan rabin masu Depo ba sa ganin al'ada ko kaɗan idan suka cika shekara a kanta. Shi ma wannan ɗaukewar ba taruwa jini yake yi a ciki ba, kamar yadda ake yawan faɗa a gidajen biki. Babu abin da aka gina ne, don haka babu abin da zai zube.

Kafin a ɗora wa allura laifi

Nan ne nake so in fi tsayawa, domin nan ne kalmar haƙuri take iya cutarwa. Kasancewar mace ta yi allura ba ya hana wata lalura daban ta same ta, kuma jinin lalurar da jinin allurar kala ɗaya ne a ido.

Abu na farko da nake yi wa duk mai irin bayaninki shi ne gwajin ciki na fitsari. Mai shayarwa da ba ta fara ganin al'ada ba tana iya zuwa karɓar allura da ƙaramin ciki ba ta sani ba, sai daga baya ya zama ɓari ne yake zubar da jinin, ko kuma cikin ya zauna a wajen mahaifa, wanda shi lamari ne na gaggawa. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta yi sama da wata guda tana jini ana ce mata allura ce, da muka yi hoton mahaifa sai ga ragowar ɓari. Ranar da aka cire shi jinin ya fara ja da baya. Gwajin da ba ya cin minti biyar ne ya bambanta ta da sauran.

Na biyu, a duba bakin mahaifa da ido, da ƙarfen nan da ake buɗawa da shi. Na san mata da yawa ba sa so, kuma kina da damar ki nemi mace ta duba ki. Ciwon sanyi na gaskiya, wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, yana sa bakin mahaifa ya kumbura ya riƙa zubar da jini, musamman bayan kwanciya da miji, kuma idan shi ne, sai an yi wa miji da mata magani tare, har da abokiyar zama idan akwai. Akwai tsiro marar illa da kan fito a bakin mahaifa, akwai kuma sankarar bakin mahaifa, wadda take cikin sankarorin da suka fi kashe mata a Najeriya, alhali ana iya gano ta tun kafin ta zama sankara. Idan ba a taɓa yi miki gwajin gano ta ba, wannan dama ce. Idan likita ya ga da buƙata sai ya ƙara da hoton mahaifa don a duba ko akwai ƙari, wato tsiro a jikin mahaifa.

Na uku, a auna yawan jininki. Ga mace marar ciki, idan ma'aunin himogulobin ya gaza 12 to akwai ƙarancin jini. Ke da kika haihu watanni takwas da suka wuce, kina shayarwa, wataƙila ma ba ki gama mayar da abin da kika rasa ba jinin nan ya same ki.

Akwai alamomin da idan kika ga ɗaya daga cikinsu ba za ki jira ranar asibitin tazara ba. Idan audugar mata tana jiƙewa sharkaf duk bayan awa ɗaya har awa biyu a jere, ko gudaji manya suna fita, ko jiri yana ɗibar ki idan kin miƙe, ko zuciya na bugawa da sauri kina haki a ɗan aiki kaɗan, ko mara ta murɗa miki sosai musamman a gefe ɗaya, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa mai wari, to ki tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Daga Gwammaja Asibitin Murtala ba shi da nisa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya.

Magungunan da muke bayarwa

Idan an duba ba a sami komai ba sai aikin allura, akwai abin yi. Zan ambaci sunaye da adadi don ki san abin da za ki tattauna da likita, ba don ki je ki saya da kanki ba, domin kowannensu yana da wadda bai dace da ita ba, ni kuma ban auna hawan jininki ba, ban san tarihin lafiyarki ba.

Abin da aka fi farawa da shi shi ne mefenamik asid, wanda aka fi sani da Ponstan, miligiram 500 sau biyu a rana bayan an ci abinci, har kwana biyar. Mutane sun san shi a maganin ciwon mara, amma yana rage sinadaran da ke sa jijiyoyin mahaifa su saki jini. Ibuprofen ɗan gidansu ne, kuma abin da ke shiga nono daga gare shi kaɗan ne ƙwarai, don haka wani likitan zai fi son sa ga mai shayarwa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai asmar da irin waɗannan magunguna ke tayar mata, su nisance su. Kada kuma a haɗa biyu a lokaci ɗaya, kada a wuce kwanakin da aka ɗiba.

Idan wannan bai yi ba, sai mu koma ga abin da ya fi dacewa da asalin matsalar. Tunda shimfiɗar ta yi siriri ne saboda furojestin ya rinjayi isturojin, sai a ba jiki isturojin na ɗan lokaci ya ɗinke ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙwayar tazara mai sinadari biyu, irin su Microgynon, ɗaya kullum har kwana 21, wani lokaci a ci gaba har wata biyu ko uku. Mata kan yi mamaki idan na ba su ƙwayar tazara alhali sun yi allura, sai na bayyana musu cewa a nan magani ce ba tazara ba. A abin da na gani a aikina, ita ce ta fi saurin tsayar da jini, sau da yawa cikin 'yan kwanaki. Sai dai ki sani, idan kika gama shan ta jini zai zo na kwana kaɗan kamar al'ada, kada ki ce abin ya dawo. Ba a ba mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko huhu, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai sankarar nono, ko mai shan taba da ta kai shekara 35. Ana kuma guje mata ga mai shayar da jaririn da bai kai wata shida ba saboda tana iya rage nono. Naki ya kai wata takwas, ya fara cin abinci, don haka wannan ƙofa a buɗe take gare ki idan hawan jininki daidai yake.

Akwai kuma traneksamik asid, wanda ke hana gudan jinin da ya toshe jijiya saurin narkewa. Ya fi amfani a ranakun da jinin ya yi yawa, ana shan sa kwanaki kaɗan, kuma ba a ba wadda ta taɓa samun daskarewar jini.

Gaskiyar da ba na ɓoye wa mata ita ce duk waɗannan magunguna suna tsayar da jinin da ake ciki ne, ba sa ba da tabbacin ba zai dawo ba a wata mai zuwa. Abin da suke yi shi ne su ba ki sarari, ki huta, ki yi ibada, har jiki ya saba.

Tare da kowannensu nakan haɗa da ƙwayar ƙarin jini, irin wadda ake ba masu ciki a wurin awo. Tana baƙanta bayan gida, wani lokaci ta sa shi tauri, wannan ba abin tsoro ba ne. Ki sha ta da ruwa ko ruwan lemo, kada ki kora ta da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikinta. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu duk suna taimakawa. Lemon kwalba mai malti da madara da ake haɗa wa mai jego yana da daɗi, amma ba ya ƙara jini yadda ake zato.

Maganar allurar da ke karya ta

Babu ita. Depo tana zama a tsoka tana narkewa a hankali, ba a iya zuƙo ta, babu kuma wata allura ko ƙarin ruwa ko jiƙo da zai wanke ta daga jiki. Duk wanda ya karɓi kuɗinki a kan haka ya cuce ki. Kafson da aka ba ki, idan na kashe ƙwayoyin cuta ne kamar yadda aka saba bayarwa, ba shi da aikin yi a kan wannan jini sai idan gwaji ya nuna akwai cuta. Allurar da ake yi wa mai haihuwa don mahaifa ta tsuke ita ma ba wurinta ba ne nan, tana kuma iya tayar da hawan jini. Wankin mahaifa, wanda wasu matan da kansu suke zuwa suna roƙo, ba ya magance jinin allura, domin shimfiɗar da ta riga ta yi siriri babu abin da za a kankare a jikinta sai dai a ji mata rauni. Ina kuma roƙon ki kada ki cusa komai a gabanki da sunan tsayar da jini, ko na gargajiya ne ko na kanti.

Allura ta biyu

Saura kamar sati shida lokacinta ya yi, kuma ba dole ne ki yanke shawara yau ba. Ana iya yin ta har sati biyu kafin ranar, ana kuma iya jinkirta Depo har sati huɗu bayan ranar ba tare da kariyar ta faɗi ba. Idan an duba ki lafiya, magani ya tsayar da jinin, jininki bai yi ƙasa ba, shawarata ita ce ki gwada ta biyun, domin yawanci bayan ta biyu ko ta uku ne abin yake lafawa. Idan kuwa jinin ya ci gaba duk da magani, ko awo ya nuna yana rage miki jini, ko kuma ke dai kin ji ba za ki iya ba, to ki bari, kuma kada kowa ya sa ki ji kamar kin yi laifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ba na so shi ne ki bar allurar ki zauna haka, da goyon wata takwas. Haihuwa takan ɗan jinkirta bayan Depo, a matsakaici kamar wata goma daga allurar ƙarshe, amma wannan lissafin jama'a ne, wata tana ɗaukar ciki da wuri ƙwarai. Noristerat ta wata biyu ba ta kai Depo rikita jini ba a watannin farko, kuma tana saurin fita daga jiki. Sayana Press sinadarinta ɗaya da Depo, don haka kada ki sa ran bambanci ta wannan fuska. Na hannu, wanda mata ke kira ashana, shi ma yana kawo jini ba bisa ƙa'ida ba, sai dai ana iya cire shi ranar da aka ga dama. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadari ko kaɗan, amma tana iya ƙara yawan jinin al'ada, abin da ba na so ga mai ƙarancin jini, ita kuwa mai sinadari tana rage shi bayan watannin farko. Idan ƙwaya mai sinadari biyu ta karɓe ki a lokacin magani, kina iya zama a kanta, ita ce ma ta fi daidaita al'ada, muddin ba za ki riƙa mantawa ba.

Sallah da maigida

Ni likita ce ba malama ba, fatawa ta malamai ce, amma ba zan tsallake wannan ba domin na ga abin da shiru yake jawowa. Wata mata ta zauna a gabana tana kuka, ta yi kwana arba'in ba ta kai goshinta ƙasa ba, a zatonta duk haila ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, haila ba ta wuce kwana 15 ga mace marar ciki. Mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta, matuƙar jimillar ba ta haura 15 ba, abin da ya biyo baya kuma jinin cuta ne, wato istihala. Mai shi tana wanka, ta yi ƙunzugu, ta yi sallah da azumi, kuma ta halatta ga mijinta. Asalin wannan yana cikin hadisin Fatima bint Abi Hubaish da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida mata cewa wannan jijiya ce ba haila ba. Ki kai wa malamarku ta Islamiyya lissafin kwanakinki, ta warware miki yadda za ki ƙirga ranakun da jinin ke yankewa yana dawowa, da hukuncin sallolin da suka wuce.

Ta ɓangaren lafiya, saduwa a lokacin ɗigon nan ba ta da illa idan an tabbatar babu cuta kuma ba kya jin zafi. Idan maigida ya san da allurar, ki roƙe shi ya rako ki asibiti, domin na lura bayanin minti goma daga bakin ma'aikaci yana sauke wa namiji abin da matarsa ta yi sati tana faɗa bai ji ba. Idan kuma akwai dalilin da ya sa ba kya son a yi maganar a gabansa, ki faɗa wa wadda za ta duba ki tun da farko, sirrinki amana ce a wuyanmu.

Ki koma asibiti a cikin satin nan, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Ki tafi da katinki don a ga wace allura aka yi miki da ranar da aka yi ta, ki tafi da kwalin kafson da kika sha, ki kuma rubuta a takarda ranar da jinin ya fara da adadin audugar da kike canzawa kullum. Idan kin shiga, ki ce kwana 24 kike jini, kina so a yi miki gwajin ciki, a auna jininki da hawan jininki, a duba bakin mahaifa, sannan a ba ki maganin tsayar da shi. Idan an sake ce miki ki yi haƙuri ba tare da an yi ko ɗaya ba, ki nemi ganin babbar ma'aikaciyar sashen ko likitan mata. Allah ya sawwaƙe, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.